Jagora: Yadda Ake Koyar da Ƙirar Injiniya ta Hanyar Kwance Kaya da Kwatanta Su

Malaman fasaha da dama sun sha tambayata yadda nake gudanar da darasin nan na kwance tocila a aji. Wasu daga nan Birnin Kebbi, wasu daga Zuru da Yauri, har da wani abokin aiki da ke koyarwa a Talata Mafara. Tambayar kusan iri ɗaya ce: ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da injuna, ta ina za a fara? Ga yadda nake yi. Ya dace da 'yan sakandare da 'yan kwalejin fasaha, kuma da ɗan ƙarin lissafi zai yi wa 'yan shekarar farko a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Waziri Umaru ko ta Ƙauran Namoda.

Abu ɗaya nake so malam ya riƙe tun daga farko. Kwance abu ba wuya, duk yaron da aka ba sukurudireba zai yi kaca-kaca da rediyo cikin minti biyar. Karatun yana cikin ajiye abu biyu masu aiki iri ɗaya kusa da juna, a tambayi dalilin da ya sa wannan maƙeri ya bi nan, wancan ya bi can. Duk matakan da ke ƙasa wannan tambayar suke yi wa hidima. Ka ware zama huɗu, kowane kamar minti 80.

1. Zaɓen abin da za a kwance

Fara da tocila mai caji. Kowane gida akwai ta, yara sun san halinta, kuma a cikin ɗan ƙaramin jikinta akwai lantarki, akwai roba, akwai ƙarfe, akwai madubin tara haske. Ka samo iri biyu da suka bambanta sosai: mai araha wadda ke da haƙora biyu da ake turowa a soka a soket kai tsaye, da mai ɗan tsada wadda ake caji da wayar USB. Idan ka sayo iri biyu da launi kawai ya raba su, yara za su buɗe su tarar da abu ɗaya, darasi ya mutu.

Kafin ka biya, juya ta ka duba bayanta. Mai noti ake so. Wadda aka manne bakinta da zafi ko gam sai an fasa take buɗuwa, kuma ba ta komawa.

Gargaɗi: akwai kayan da ba a kawo wa ɗalibai ko kyauta aka ba ka. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef suna riƙe wutar da za ta iya kisa bayan an cire su daga soket. Ƙwan fitila mai murɗaɗɗen gilashi yana da sinadarin makuri a ciki. Batirin da ya kumbura, na waya ne ko na tocila, a fitar da shi daga aji tun kafin yara su shigo.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

A ce ajinka mutum 40 ne. Rukuni 8 ke nan, biyar-biyar. Kowane rukuni na buƙatar tocila biyu, wato 16, ka ƙara biyu na ajiya, ɗaya daga kowane iri, waɗanda ba za a taɓa ba. Su ne abin dubawa idan an rikice wajen mayarwa.

Kowane rukuni zai samu ƙaramar sukurudireba mai kan tauraro da mai faɗin baki, filaya ɗaya, rula, salatif na takarda, biro, farin kwali babba, da kiret ɗin ƙwai. Wannan kiret ɗin, duk da ba a sayensa da wani kuɗin kirki, ya fi komai amfani a wurina. Yana da rami 30, kuma kowane noti da sifirin yana samun ɗakinsa. Maganaɗisu kuwa, je wurin mai gyaran rediyo ka karɓi matattun lasifikoki ka ɓanɓaro na bayansu.

Abubuwa uku ajin gaba ɗaya zai yi tarayya a kansu: mita ta dijital ta awon wuta, biyu sun isa, ƙaramin sikelin dijital mai auna giram, irin na masu sayar da zinare ko masu yin kek, da kalifa, wato abin auna kauri, idan makaranta na da ita. Waɗannan sau ɗaya ake saye, su yi shekaru. Abin da ke cin kuɗi duk zango shi ne tocilolin kansu, kuma farashinsu na motsi kusan kowane wata, don haka ka ɗauki adadin nan ka shiga babbar kasuwa ka tambayi farashin sari, kada ka saya ɗai-ɗai.

Hanyar rage kuɗi: rabin kayan su zama matattu. Ka sa yara su kawo waɗanda suka lalace a gida, ko ka bi ta wajen 'yan gwangwan. Amma dole kowane iri a samu aƙalla biyu masu rai, domin mataki na huɗu ba ya yiwuwa da gawa.

3. Rabon aiki a rukuni

Idan ka bar su haka nan, yaro ɗaya mai ƙarfin hali zai ƙwace sukurudireba, sauran su zama 'yan kallo, kuma yawanci 'yan mata ne ake turawa baya. Ba kowa aikinsa a rubuce: mai kwancewa, mai rubutu, mai zane, mai awo, mai tsaron kiret. Idan an gama tocila ta farko, a juya ayyukan. Wanda ya kwance ɗazu shi zai riƙe biro yanzu.

4. Gwaji kafin a taɓa noti

A nan malamai suka fi yin gaggawa, kuma a nan rabin darasin yake. Zaman farko gaba ɗaya ba a buɗe komai. Sukurudirebobi su zauna a aljihun teburinka.

Da farko kowane rukuni ya rubuta wa aka ƙera wa wannan tocilar. Mai gadi? Mai shayi? Manomin da ke ban ruwa da dare a fadamar Argungu? Ɗalibar da ke bitar karatu bayan an ɗauke wuta? Buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Mai gadi na son haske mai nisa, ɗaliba na son mai faɗi da daɗewa, manomi na son wadda ba ta tsoron laima.

Sai awo. A auna nauyi da tsawo. A kwafe duk abin da aka rubuta a kwali da jikin tocilar, musamman ƙarfin batir da awannin da aka yi alkawari. A rufe tagogi, a tsaya daidai mita 2 daga allo, a haska, a zagaye da'irar hasken da alli, a auna faɗinta. Wayar hannu da ke da manhajar awon haske za ta taimaka wajen kwatanta biyun, muddin waya ɗaya aka yi amfani da ita kuma tazarar ba ta canja ba. Daga nan a cika caji, a kunna su tare da safe, a ajiye a ofis, a riƙa leƙawa duk rabin awa ana rubuta yadda haske ke raguwa.

Na ƙarshe, kuma shi na fi so: kowane yaro ya zana abin da yake zaton zai gani a ciki, ya ƙiyasta yawan ɓangarorin, ya sa hannu. Karɓe takardun ka ajiye. Ranar da aka buɗe, tazarar da ke tsakanin zatonsa da abin da ya tarar ita ce za ta zauna masa a ka.

Kuskuren da ake yawan yi: gwajin faɗuwa. Yara na son sa ƙwarai. A yi shi, amma a ƙarshen komai, da tocila ɗaya daga kowane iri, daga tsayin mita 1, kuma kai za ka saki. Na taɓa barin su suka fara da shi, kafin in juyo an fasa uku.

5. Kwancewa

Gargaɗi kafin komai: tocilar nan mai haƙora ba ta da abin da ya raba cikinta da wutar gida. Wani kafasita ne kawai, galibi ja ko ruwan ƙasa, da 'yan diyod, ke rage wutar soket mai bolt 230 zuwa abin da batir zai sha. Ma'ana idan aka soka ta a buɗe, duk inda yatsa ya taɓa a fanel ɗin, wato farantin da aka jera kayan lantarkin a kai, zai iya ja. Doka ce: buɗaɗɗiyar tocila ba ta zuwa kusa da soket. A cire su daga caji tun jiya, kuma kafin yaro ya sa hannu ka ɗora mita a ƙafafun kafasitan ka tabbatar ba sauran wuta.

Tsarin kwancewa shi ne ɗaya bayan ɗaya. A cire abu, mai rubutu ya ba shi lamba da suna, mai zane ya nuna inda ya fito da yadda yake fuskanta, mai tsaro ya sa shi a ramin kiret mai wannan lambar. Sai a wuce na gaba. Idan akwai waya a ɗauki hoto a kowane mataki, musamman kafin a motsa wayoyin lantarki. A rubuta kuma da me aka cire shi: hannu, sukurudireba, ko sai da aka ɓanɓare. Wannan bayanin zai yi amfani daga baya.

Notin da ke shiga roba ba ya son ƙarfi. A danna sukurudireba sosai a juya a hankali, in ba haka ba kan notin ya cinye. Idan an cire duk notin da ake gani amma murfi ya ƙi buɗuwa, kada a ja. Duba ƙarƙashin takardar da aka liƙa ko ƙarƙashin robar hannu, akwai noti a ɓoye. In babu, to ƙugiyoyin roba ne ke riƙe da shi, a bi gefen da bakin sukurudireba mai faɗi a hankali.

Da zarar an buɗe, batir ake fara rabawa. Cire waya ɗaya, naɗe bakinta da salatif, sannan ɗayar. A mai araha yawanci za ka tarar da batirin dalma mai kusurwa huɗu, bolt 4, kuma in ya tsufa za ka ga farin gari ko danshi a kansa. Asid ne, kada a taɓa da hannu, a wanke hannu da sabulu bayan darasi. A ɗayar kuma sau da yawa batirin litiyam ne mai kama da ɗan gwangwani, wanda ake kira 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Ba a huda shi, ba a matse shi da filaya, ba a bari ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa. Batir kowane iri ne ba a buɗe cikinsa. A nan kwancewa ta tsaya.

6. Gane abin da aka yi kowane ɓangare da shi

A shimfiɗa farin kwali, a jera ɓangarorin bisa yadda suka fito, a rubuta lamba a gefen kowane. Tocila ta farko a hagu, ta biyu a dama, masu aiki iri ɗaya suna kallon juna: makunni da makunni, madubi da madubi.

Ƙarfe, a gwada da maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne ko da an shafe shi da wani abu mai ƙyalli. In bai kama ba, galibi ana zancen jan ƙarfe ko alminiyam, nauyi da launi za su raba gardama. Wayar lantarki kuma a feɗe ta a kankare silin da reza. Idan jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Ranar da wata yarinya ta gano wannan da kanta, ta ɗago ta ce, "Malam, ashe wagga waya ma ƙarya ta ka yi!" Ajin ya ɗauki dariya, amma daga ranar babu wanda ya sake yarda da launi.

Roba, a fara neman tambari a cikin murfin. Wani lokaci za a ga PP ko ABS, ko lamba a cikin alwatika: 2 na nufin HDPE, 3 PVC, 5 PP. In babu tambari, a yanki ɗan ƙarami a jefa a kofin ruwa, a danna shi ƙasa don kumfa ta saki. PP da HDPE suna tasowa, ABS da PVC suna nutsewa. A zuba gishiri har ya daina narkewa, ABS zai taso ya bar PVC a ƙasa. Kada a ƙona roba don a gane ta da wari, duk da masu sana'a na yi. Hayaƙin PVC guba ne.

Yanzu awon wuta. A auna bolt na batir. Litiyam cikakke yana kaiwa 4.2, aikinsa na yau da kullum 3.7. Sai a haɗa mita a layi tsakanin batir da fanel a ga abin da fitilar ke sha. A ce an rubuta 1,200mAh a jikin batir, wato yawan wutar da yake ɗauka, mita ta nuna 300mA, wato abin da fitilar ke sha. Lissafi ya ce awa 4. Idan a gwajin ofis ta mutu cikin awa ɗaya da rabi, yara su faɗi inda sauran ya tafi. A ɗora batirin a sikeli kuma: 18650 na ƙwarai yana kai wajen giram 45, kuma mafi ƙarfinsu ba ya wuce wajen 3,500mAh. Wanda aka rubuta wa 9,900 ga shi shafal kamar ba komai a ciki, ya ba da amsa da kansa.

Kuskure a nan: bayan awon abin da fitila ke sha, sai a manta jar wayar mita a ramin amfiya a ɗora ta kai tsaye a kan batir. Fis ɗin mita zai ƙone nan take. Kai da kanka ka riƙa mayar da wayar ramin bolt bayan kowane awo.

7. Tambayar “me ya sa?”

Zama na uku ke nan, kuma a wannan matakin ba a taɓa kayan aiki. Kowane ɓangare da ke kan kwali a yi masa tambaya: mene ne aikinsa, kuma me zai faru in an cire shi? Yaro ya ce, “Wannan roba ce.” Ka ce ba sunanta na tambaya ba, me take yi? Sai ya kai ga cewa tana hana batir girgiza, ko tana tare ƙura daga makunni, sannan ka ƙyale shi.

Sai tambayoyi uku da masu tsara kaya a masana'antu ke yi don rage yawan ɓangarori. Wannan ɓangaren dole ne ya motsa dabam da na kusa da shi? Dole ne a yi shi da wani abu dabam? Dole ne ya rabu don a iya haɗawa ko gyara? In amsar duka ukun a'a ce, ana iya haɗe shi da maƙwabcinsa. Yara za su ƙirga su ga tocila ɗaya na da noti 6, ɗayar noti 2 da ƙugiyoyi, su fara fahimtar cewa kowane noti kuɗi ne da lokacin ma'aikaci.

A nan za ka yi fama da wata ɗabi'a. Da sun ga cikin mai araha, hukunci ɗaya suke yankewa: jabu ce, maƙerin bai iya ba. Kada ka bari a tsaya nan. Wanda ya ƙera ta ya san batirin dalma na da nauyi kuma ba ya daɗewa, ya san kafasita ba ta kai caja ta gaske ba. Ya zaɓe su ne don tocilar ta kai hannun mai ƙaramin ƙarfi, kuma a caja ta ba tare da neman wata waya ba. Abin da za su rarrabe shi ne inda aka rage kuɗi bisa dabara da inda aka rage bisa ha'inci. Siririyar roba dabara ce da za a iya muhawara a kanta. Lambar ƙarya a jikin batir ha'inci ne.

Ka jawo yanayinmu cikin maganar. Zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40, me zai yi wa batirin da aka bari a ɗakin kwano? Ƙurar hunturu ta ina za ta shiga makunni? Wutar da ke zuwa awa biyu ta tafi, wace tocila ce za ta fi cika a ciki? In ta lalace a Kamba ko Dakingari, mai gyara zai iya buɗe ta ya canja batir, ko sai dai a yar?

8. Teburin kwatanci

A allo a ja layi uku: abin da ake kwatantawa, tocila ta farko, tocila ta biyu. A cike da farashi, nauyi, yawan ɓangarori, yawan noti, irin batir, awannin haske na gaskiya, faɗin haske, mintunan kwancewa, sauƙin gyara. Lambobi kawai ake karɓa. “Ta fi kyau” ba ta shiga tebur.

Sai a raba farashi da awannin haske. A ce ta farko naira 3,000 ce tana ba da awa 2, ta biyu naira 7,500 tana ba da awa 6. Kowace awa ta farko ta tashi 1,500, ta biyu 1,250. Mai tsadar ta fi araha ke nan a wannan ma'aunin, amma wanda 3,000 ce kawai a aljihunsa fa? Bar su su yi gardama. Sannan kowane rukuni ya koma ga mutumin da ya rubuta a mataki na huɗu ya zaɓa masa ɗaya, da hujja daga tebur.

9. Mayarwa

A bi lambobin kiret daga ƙarshe zuwa farko, batir ne na ƙarshen haɗawa. A ɗauki lokaci da agogo. Duk inda aka sha wuya, wayar da ta yi gajarta, sifirin da ke tsalle, murfin da ke shiga ta fuska biyu amma ɗaya ce daidai, a rubuta shi, domin aibin ƙira ne, ba laifin yaro ba. Noti a roba, a fara juya shi baya har a ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan a ɗaure, kada a matse da yawa.

Mai haƙoran da aka mayar, kai za ka duba ta kafin a sake soka ta a wuta. In ka yi shakka, kada a caja ta kuma.

10. Su ƙera tasu a takarda

Zama na huɗu. Kowane rukuni ya canja abu ɗaya tak, ya zana shi da awo, ya faɗi abin da canjin zai ƙara da abin da zai ci. Wanda ya ce a sa babban batir, ya faɗi nauyi da kuɗin da suka ƙaru da inda zai zauna a cikin murfin. In da hali a gwada siffar da kwali da gam. Wajen ba da maki, kaso mafi tsoka na ga hujja da tebur, sai zane, sai tsabtar rubutun kwancewa. Saurin kwancewa ba shi da maki ko ɗaya, ka sanar da su tun ranar farko.

Idan zangon ya tafi daidai, zango na gaba ka kawo famfon feshi na goyo, wanda duk ɗan manomin shinkafa ya sani. Akwai mai fistin, akwai mai tantanin roba, akwai mai batir, kuma lita 16 na ruwa kilo 16 ne a bayan mutum, don haka zancen maɗauri da siffar tanki zai yi daɗi. Sabo fil za ka saya. Wanda aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari ba ya shiga aji ko sau nawa aka wanke shi. Matattun batiran da suka taru kuma a naɗe bakunansu da salatif, a raba na dalma da na litiyam, a ajiye a inuwa cikin bokiti mai yashi har a miƙa wa masu sayen tsofaffin batir. Kada a zuba su a bolar makaranta, domin ita ake cinna wa wuta duk ƙarshen mako.